Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Dalmar Zamfara

A makon jiya na tsaya ne a lokacin da aka ɗaga ni zuwa matsayin babban lakcara, ina fama da ruwan da masana'antun jima na Kano ke sakowa daga Sharaɗa da Calawa da Bompai. Sinadarin kuromiyam da ake jeme fata da shi, shi na sa a gaba a shekarun nan. Nakan bi magudanun ruwa har inda manoman lambu ke jan sa su shayar da latas da kabeji, in ɗebo ruwan da ƙasar da ganyen in kawo ɗakin gwaji. A zatona a kan wannan zan tsufa. Shekarar 2010 ce ta juya akalar aikina gaba ɗaya, kuma a kanta zan yi magana yau.

Bari in fara da bayyana wa mai karatu abin da muke da shi a hannu a lokacin, domin sauran labarin ya rataya a kansa. Na'ura ɗaya tilo sashenmu yake tinƙaho da ita wajen auna ƙarafa, wadda malamai da ɗalibai ke kira AAS. Wani masani mai suna Alan Walsh ne ya fito da ita a Ostireliya a shekarun 1950, kuma aikinta ba shi da wuyar fahimta. Kowane ƙarfe yana da irin hasken da yake sha, wanda ba ya tarayya da wani a cikinsa. Sai ka narkar da abin da kake son aunawa ya zama ruwa, na'urar ta fesa shi cikin harshen wuta na iska da gas ɗin asitilin, irin wanda masu walda ke aiki da shi amma mai tsabta, sannan a haska wata fitila ta musamman ta ratsa wutar. Gwargwadon hasken da ya ragu, gwargwadon ƙarfen da ke ciki. Dalma tana shan haske a tsawon nanomita 283.3. Sai dai kowane ƙarfe da fitilarsa, fitilar kuma tana tsufa ta mutu, ba a kuma yin ta a ƙasar nan. Tamu ta dalma ta daɗe da raunana, ba wanda ya damu, tunda tun farkon shekarun 2000 Najeriya ta daina zuba dalma a man fetur, mu kuma muka ɗauka babbar ƙofar wannan guba ta rufu.

A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitocin nan ta ƙasa da ƙasa, MSF, suna zagayen sa ido kan sanƙarau a jihar Zamfara, suka tarar da ƙauyukan da yara ƙanana ke mutuwa fiye da ƙima. Yaro zai fara amai da ciwon ciki, sai jijjiga, sai ya shiɗe, sai rai ya yi halinsa. An ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, an ba da na sanƙarau, ba abin da ya sauya. Da aka aika jini waje aka auna, sai ga dalma. A watan Mayu tawagar hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, tare da jami'an lafiya na tarayya da na jiha, suka bi gida-gida a Dareta ta ƙaramar hukumar Anka da 'Yargalma ta Bukkuyum. Abin da suka samu har yau in na tuna shi sai jikina ya yi sanyi. Cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin shekara guda, wato ɗaya cikin kowane huɗu. Cikin waɗanda aka auna jininsu, kashi 97 cikin 100 suna da maikurogiram 45 ko fiye a kowace desilita, matakin da likita ke fara ba da maganin fitar da guba. A lokacin, 10 kawai ita ce iyakar da Amurka ke ɗauka abin damuwa. Ƙaramar na'urar auna jini da ake ɗauka zuwa ƙauye ba ta iya karanta abin da ya wuce 65, sai da aka riƙa tsarma jinin kafin ta ba da lamba, wasu yaran kuma lambarsu ta kai ɗaruruwa. Daga baya aka ƙiyasta cewa yaran da suka rasu a wannan annoba sun haura 400.

Yaya aka yi haka ta faru a wurin da ba masana'anta, ba hayaƙin mota? Zinare ne. Bayan durƙushewar tattalin arzikin duniya a 2008 farashinsa ya yi ta hawa, a 2010 oza ɗaya ta kai wajen dala 1,200. Mutanen da noman damina ne kaɗai abin dogaronsu suka ga dutsen da ke bayan garinsu ya zama kuɗi. A da can rairayin rafi ake wankewa a tsinci ɗan abin da Allah ya ba da. Yanzu sai aka koma haƙa rami ana fasa dutse, aka kuma ci karo da jijiyar da zinarenta ke cakuɗe da dalma mai yawan gaske. Ana loda dutsen a buhu a kawo cikin gari. Mata su farfasa shi da guduma ko a turmi a tsakar gida. A kai injin niƙa, irin wanda ake niƙa dawa da gero, ya mai da shi gari a bushe, ƙura ta turnuƙe unguwa. A wanke garin a bakin rijiya ko kududdufi, a zuba zaiba ta kama zinaren, a ƙona zaibar ta tashi. Abin da ya rage a shanya shi a tsakar gida don a sake bi ta kansa, a nan inda ake shanya hatsi, a nan inda jarirai ke rarrafe.

Nan ne ilimin sinadarai yake da abin faɗa wanda likita kaɗai ba zai faɗa ba. Asalin dalmar da ke cikin dutse tana haɗe ne da farar wuta, ita ce baƙin dutsen nan mai ƙyalli da masana ke kira galina, kuma a haka ba ta saurin narkewa. Amma dutsen da ke kusa da saman ƙasa ya sha ruwa da iska shekaru aru-aru, sai wani sashe mai yawa na dalmarsa ya rikiɗe ya koma kabonet, wanda ruwan asid ɗin da ke cikin ɗan Adam yake narkar da shi nan da nan. Masanan hukumar binciken ƙasa ta Amurka sun tabbatar da haka a dutsen Zamfara. Ga kuma niƙa, wadda ta mai da shi lallausan garin da ke maƙalewa a hannu da abinci. Sai ka haɗa wannan da yanayin jikin yaro. Babba yana shanye kaɗan ne daga dalmar da ya haɗiya, yaro kuwa yakan shanye ninki huɗu ko biyar na wannan, in kuma yana da ƙarancin sinadarin ayon ko kalshiyam, wanda shi ne halin mafi yawan yaran karkararmu, abin ya ƙaru. Jiki yana ɗaukar dalma a matsayin kalshiyam, sai ya buɗe mata hanya zuwa ƙwaƙwalwa da ƙashi. Tana kuma toshe sinadaran da ke haɗa jan jini. A cikin jini takan ragu da rabi cikin kamar wata guda, a ƙashi kuwa shekaru gommai take yi. Yarinyar da ta sha ta tana rarrafe, ranar da ta girma ta ɗauki ciki, ƙashinta zai saki wani abu daga ciki ya isa ga ɗan da ke mahaifa.

Lissafin da nake yi wa ɗalibaina a allo shi ne wannan. A ce ƙasar tsakar gida tana da dalma kashi 1 cikin 100. A ce yaro ya haɗiyi miligiram 100 na ƙura a yini, abin da bai kai ɗan tsunkule ba. To ya haɗiyi maikurogiram 1,000 na dalma ke nan, kullum. Iyakar da Amurka ta sa wa ƙasar da yara ke wasa a kanta a lokacin ita ce kashi 400 cikin miliyan. A wasu wurare na waɗannan ƙauyuka an samu fiye da 100,000 cikin miliyan, wato kashi 10 cikin 100 na ƙasar dalma ce. Wannan ya wuce a kira shi gurɓatacciyar ƙasa, ma'adini ne mutane ke kwana a kansa.

Ban iya zama ba. Na sami shugaban sashe na ce masa ina son zuwa, ya ce ba kuɗi, amma ba zai hana ni ba. Da albashina na zuba mai, na ɗauki ɗalibai biyu masu digiri na biyu, namiji da mace. Ƙauyukan da ƙungiyoyin waje ke aiki a cikinsu suna da masu kula da su, saboda haka na nufi na gefe, waɗanda su ma ana niƙa dutse a cikinsu amma ba wanda ya leƙa su tukuna. Ba zan ambaci sunayensu ba, don mutanen ba su ba ni izinin in tallata su ba.

Duk wanda ya san karkara ya san ba a shiga gari ta bayan gida. Muka fara da gaisuwa a wurin hakimi, ya haɗa mu da ɗan rakiya zuwa ga dagaci. Dattijo ne, muka same shi a zaure. Bayan an gaisa na ce, "Allah ya ja zamaninka, ƙasa muka zo ɗiba, ta tsakar gidaje da ta bakin injin niƙa."

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, ƙasar nan kakanninmu sun taka ta, mu ma bisa gare ta muka yi rarrafe. Yau ce za ta koma guba?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ƙasar ba ta da laifi. Abin da aka ɗauko daga rami aka zuba mata ne muke nema."

Ya ce, "In kun gani za ku faɗa mana, ko gwamnati za ku kai wa ta zo ta rufe ramu?"

Na yi masa alkawarin cewa shi zan fara faɗa wa, da bakina, da Hausa. Wannan alkawari ya zama ƙa'idar aikina tun daga ranar: duk inda na ɗebi samfur, sai masu wurin sun ji sakamakon kafin mujalla ta ji.

Ba don ɗalibar nan ba da aikin bai yiwu ba. Gidajen ba a shiga, ni da ɗayan ɗalibin iyakarmu zaure. Ita ce ta shiga ta zauna da mata, ta ga turmin da ake daka dutse da safe a daka hatsi da yamma, ta ga buhunan dutse jingine a ɗakin da ake kwana, saboda mai gida yana tsoron ɓarayi. Ita ta gane cewa a wasu gidajen an yi yaɓe da ragowar garin dutsen, tunda yana da laushi. Ta fito ta ce min, "Malam, in ƙasa kawai muka ɗiba mun bar rabin magana, sai mun kankari bango mun share tabarma." Tun daga nan ban sake fita irin wannan aiki ba tare da mace a tawaga ba, kuma ina ganin duk sashen sinadarai da ke Arewa wanda ba ya renon mata masu bincike ya rufe wa kansa ƙofar gidajen da yake cewa yana yi wa aiki.

Ɗibar samfur tana da ladabinta. Saman ƙasa kawai ake karta, domin nan yaro ke taɓawa. Da cokalin roba ake yi, ba na ƙarfe ba. Kowane samfur da ledarsa, a rubuta lamba, a sauya safar hannu kafin a taɓa na gaba. In an dawo a shanya a inuwa, a tankaɗe, a auna giram ɗaya, a dafa shi a haɗin asid biyu, kashi uku na haidurokulorik da kashi ɗaya na naitirik, haɗin da ke narkar da zinare kansa. A tace, a cika da tataccen ruwa, sai na'ura.

Abin da nake yawan nanata wa ɗalibai shi ne kwalbar da ba komai a cikinta. Duk lokacin da ka dafa samfur, sai ka dafa wata kwalbar da asid kaɗai, ta bi duk matakan da sauran suka bi. In ta nuna dalma, to daga asid ɗinka ne ko kwalabenka ko ƙurar ɗakinka, lambobinka duka sun zama abin tuhuma. Nakan ba su labarin Clair Patterson, Ba'amurken da ya ƙididdige shekarun duniya a 1956 ya samu biliyan 4.55 ta hanyar auna dalma a duwatsun da suka faɗo daga sama. Ya sha wahala ƙwarai saboda duk abin da ya taɓa sai ya ga dalma, a iska, a ruwa, a kayan aikinsa, har sai da ya gina ɗaki na musamman mai tsananin tsabta. Neman asalin wannan dalma da ta dame shi ne ya kai shi ga gano cewa man fetur ya bi duniya da ita, ya kuma shafe sauran rayuwarsa yana yaƙi da hakan. Sai a 2021 aka daina sayar da fetur mai dalma a ƙasa ta ƙarshe, Aljeriya.

Mu matsalarmu ta zo ta ɗaya gefen. Samfuran da muka kawo sun fi ƙarfin ma'aunin na'urar, sai mun tsarma, mu sake tsarmawa, kafin su shigo inda take iya karantawa, kowace tsarmawa kuma tana ƙara ƙofar kuskure. Samfur ɗaya mai dalma da yawa yana iya ɓata bututun na'urar ya shafa wa na bayansa. Ga fitila mai rauni da ke sa lamba ta yi ta rawa. Ga wuta da ke ɗaukewa ana tsakiyar aiki, in an tayar da janareta sai an sake daidaita komai daga farko. Ga gas da sai an yi odarsa daga nesa. Na rubuta takardar neman sabuwar fitila, ta yi ta yawo daga ofis zuwa ofis har damina ta wuce. Daga ƙarshe wani abokina da ke karatu a Ingila ya saya ya ba wani mai dawowa gida ya riƙo min. Wani zai ce me ya hana in kai Zariya, inda tun 2004 ake da ƙaramin injin nukiliya na bincike a Cibiyar Binciken Makamashi. Na kai samfura can don wasu ƙarafa, kuma na ji daɗin aikinsu. Sai dai dalma na cikin ƙarafan da hanyar awon da ake yi da wannan injin, ta harbi da niyutiron, ba ta kama su da kyau.

A daidai wannan lokaci, ma'aikatan kamfanin TerraGraphics na Amurka da ƙungiyar Blacksmith, masu aikin tsabtace wuraren da guba ta gurɓata, suna yawo a Dareta da Abare da wata na'ura ta hannu mai suna XRF. Ka ɗora bakinta a ƙasa ka danna, cikin kamar minti guda ta ba ka lamba. Abin da ke cin mana makonni suna gama shi kafin azahar. Ba na faɗar haka don hassada. Mutanen nan sun yi aiki na gaskiya, cikin rana da ruwan sama, sun kuma horar da matasan jihar. Abin da ya tsaya min a rai shi ne, duk abin da suke yi ba wanda ba mu karantar a aji. Ilimin yana nan, masu shi suna nan. Na'urar ce babu, alhali kuɗinta bai kai na motar ofis ɗaya ba. Da a ce kowace jami'a a Arewa maso Yamma tana da irinta guda, da wanda aka ɗora wa alhakin zagayawa wuraren haƙar ma'adinai, da ba sai an jira kaburburan yara sun ba da labari ba.

Maganin yana da ƙafa biyu, ɗaya ba ta tafiya sai da ɗaya. Akwai ƙwayar da ake kira DMSA, wadda ke kama dalmar da ke cikin jini ta fitar da ita ta fitsari, ana sha na makonni, wani yaron sai an maimaita masa sau da yawa saboda ƙashi yana sake sako wata. Amma ba amfanin a wanke jinin yaro a mai da shi gidan da ya sha gubar. Don haka MSF ta tsaya a kan cewa sai an share gari kafin ta fara magani a cikinsa. Sharar kuwa da fartanya da shebur da baro ake yin ta: a kankare saman ƙasa na 'yan santimita, a kwashe a binne a rami na musamman bayan gari, a kawo ƙasa mai tsabta a shimfiɗa. Tsakanin 2010 da 2011 aka share ƙauyuka bakwai, mace-mace suka ragu ƙwarai.

Bagega ce ta rage, ita ce kuma mafi girma, mai filin sarrafa dutse mafi faɗi. Kuɗin masu ba da agaji ya ƙare, aka koma jiran na gwamnati. Sai a farkon 2013 aka saki kuɗin, bayan ƙungiyoyin kare haƙƙi da wasu matasa a intanet sun matsa lamba, aka share garin a wannan shekarar. A duk tsawon jiran nan yaran Bagega suna nan suna shaƙa suna haɗiya, likitoci na kusa da magani a hannu ba damar bayarwa. Dalmar da ta riga ta taɓa ƙwaƙwalwa kuwa ba a gyara ɓarnarta. Yaran nan yanzu samari ne da 'yan mata, wasu ba sa gani, wasu ba sa riƙe karatu, kuma ban ga wani shiri na dindindin da aka yi musu ba.

Na koma wurin dagacin nan na cika alkawari. Ya tara masu unguwanni da masu injin niƙa a ƙofar gidansa, na faɗa musu gidajen da abin ya fi muni da abin da za su iya yi da hannunsu kafin taimako ya zo. Wani saurayi ya miƙe ya ce, "Malam, in na bar dutse me zan ci? Geron da muke nomawa ba ya kai mu bazara." Na ce masa ban zo in ce ya bari ba. A fitar da niƙa da shanya daga cikin gari. A jiƙa dutse kafin a niƙa don kada ƙura ta tashi. Injin hatsi daban, na dutse daban. Wanda ya dawo daga rami ya yi wanka ya sauya tufafi kafin ya ɗauki ɗansa. Kada yaro ya je wurin. Har yau ra'ayina bai sauya ba a kan wannan. Hana haƙa da doka yana kora aikin ne zuwa cikin ɗaki, inda ya fi kisa, domin mai jin tsoron hukuma a ƙuryar gidansa zai ɓoye buhunsa. A 2015 irin wannan annoba ta sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka rasu, ta hanyar da ba ta da bambanci da ta Zamfara.

Wannan aiki ne ya buɗe min ido a kan kwalli. Ina riƙe da guntun galina a ɗakin gwaji sai wata mai share mana ɗaki, dattijuwa, ta ce, "Malam, ai wannan tozali ne, a ina ka samo mai kyau haka?" Gaskiyarta. Baƙin dutse mai ƙyalli da ake saya a kasuwa a niƙa a zuba a tandu, a ranbaɗa wa amarya da jariri, galibinsa dalma ce da farar wuta. Muka shiga kasuwanni muna saye muna aunawa, muka ga akwai wanda aka yi da baƙin hayaƙi, ba shi da dalmar kirki, akwai kuma na dutse wanda mafi yawan nauyinsa dalma ce. A 2011 likitoci a birnin Boston na Amurka sun sami jariri ɗan wata shida, ɗan asalin Najeriya, da dalma a jininsa, da aka bincika sai aka ga tozalin da ake sa masa ne, wanda aka auna aka samu kashi 82.6 cikin 100 dalma. Ba ta fatar ido take shiga ba sosai. Yaro ne ke murza ido ya kai hannu baki, hawaye kuma yana gangarawa da ita ta hanci zuwa maƙogwaro.

Magana a kan kwalli tana son lura. Abu ne na ado da al'ada, mutane kuma suna danganta shi da sunna. Da na fara bayani a rediyo sai da na zauna da malaman addini tukuna, muka yi ta tattaunawa, na nuna musu sakamakon. Abin da na roƙa kaɗan ne: a daina sa wa jarirai da yara ƙanana na dutse, mai ciki ma ta haƙura da shi. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, da ta ji shirin ta ce min, "Duk da shi na rene ku, ga ka nan har kana koyarwa a jami'a." Na ce, "Inna, Allah ne ya kiyaye, amma jikokinki a bar su haka." Ba ta ce komai ba, sai dai daga ranar ba ta sake sa wa jariri a gidanmu ba.

Maƙalun da suka fito daga wannan aiki su suka kai ni matsayin rida, wato mai bi wa farfesa, daga baya kuma aka aika takarduna ga masu tantancewa na waje aka tabbatar min da kujerar farfesa. Na gode wa Allah. Amma akwai abin da na gani a wajen cike takardun ƙarin girma wanda nake so matasan malamai su sani. Kowace maƙala da aka buga a mujallar waje tana da makinta. Zaman da na yi a ƙofar gidan dagaci, da shirye-shiryen rediyo, da takardar bayani da muka rubuta da Hausa da ajami aka raba a masallatai, duk a layi ɗaya suka shige ƙarƙashin hidimar al'umma, makinsu bai kai na maƙala guda ba. Tsarin da ke auna malami haka yana koya masa ya ɗebi ƙasar mutane ya tafi, kada ya waiwayo. Da na zauna a kwamitin ƙarin girma na tsangayarmu na yi ta jayayya a kan a ba irin wannan aiki nauyi, an ɗan gyara, ba kamar yadda nake so ba.

Ɗalibar nan da ta shiga gidaje ta ci gaba ta yi digiri na uku a kan dalma da zaiba a hatsin da ake niƙawa a yankunan haƙar zinare, yanzu ita ke riƙe da ɗakin gwajin. Ƙauyukan da muka yi aiki a cikinsu kuwa, tun da rashin tsaro ya yi ƙamari a Zamfara har gwamnatin tarayya ta dakatar da haƙar ma'adinai a jihar a 2019, ba mu sake samun komawa mu auna ba, sai dai labari ta waya daga waɗanda suka yi hijira zuwa Anka da Gusau.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba da labarin yadda muka nemi tallafin TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, muka sayi na'urar XRF ta farko a sashenmu, da abin da muka tarar da ita a wuraren da ake fasa tsofaffin baturan mota.